Tambayi Gwaggo: Da wane mudu ake auna ma'aikaci?

Tun da aka kai amfanin gona gida, wasiƙun da ke shigo mini suka koma kan magana guda: mai gida na kukan ma'aikaci, ma'aikaci na kukan mai gida. Haka kaka take, lokacin lissafi ne. Na zaɓo huɗu, duk sun shafi ƙauyukan arewacin Kano, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Amfanin bana bai kai rabin na bara ba

Gwaggo, barka da war haka. Ni ɗan kasuwa ne a birnin Kano, amma tushena ƙauye ne a ƙasar Tsanyawa, inda na gaji gonaki biyu. Shekara uku ke nan da na damƙa su a hannun wani magidanci, ɗan maƙwabcinmu. Ina aika kuɗin iri da taki da na 'yan ƙwadago, shi kuma ina ba shi kaso daga abin da aka samu. Bara na sami gero da dawa da wake har na yi kyauta. Bana abin da ya kawo mini bai kai rabin na bara ba. Ya ce fari ne da ƙuduji. 'Yan'uwana suna cewa cutata yake yi, in karɓe gonakina. Ni kuwa rabona da gonar tun ranar shuka. Yaya zan gane ko rago ne, ko maha'inci, ko gaskiya ya faɗa?

Mai gona daga nesa, Tsanyawa

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Inda ka ce rabonka da gonar tun ranar shuka, nan maganar take. Kana so ka yanke hukunci kan aikin wata huɗu da abin da ka gani rana guda. Damin da ke shiga rumbu kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai hannun mai kula a ciki, akwai ruwan sama, akwai iri, akwai tsutsa, akwai kuma naka hannun. Kafin ka kama mutum da laifi, sai ka ware abin da ke hannunsa daga abin da ba ya hannunsa.

Ka fara da maƙwabta. Ƙasarku gona ce a jikin gona, babu daji a tsakani sai iyaka, don haka ruwan da ya sauka a taka shi ne ya sauka a ta kusa da kai. Je ka gaida masu gonakin da suka kewaye naka, ka tambaye su yadda bana ta yi musu. In su ma sun tashi da rabi, mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. In rumbunansu sun cika naka ne kaɗai ya rame, to akwai tambaya. Ka kuma leƙa gonar shi mai kulan. In tasa ta yi kyau fiye da ta kowa a shekarar da taka ta yi ja, ka nemi bayanin inda buhunan takinka suka shiga.

Daga nan ka juyo kanka. Wace rana ka aika kuɗin taki, wace rana ka aika na noman firi? Kamfa da wuri ake son ta, yuriya kuma tana da makonninta bayan tsiro, in sun wuce an yi asarar kuɗi. Firi ma haka: makonnin farko ne ciyawa ke shaƙe gero, a lokacin ne kowa ke neman 'yan ƙwadago, masu kuɗi a hannu su kwashe su. In sai da ya yi ta kiranka a waya kafin ka tura, wani ɓangare na raguwar naka ne.

Batun ƙuduji kada ka yi wasa da shi, domin ya fi addabar ƙasar da ta gaji. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano kuma ya fara nazarin ƙauyukan kewayen birni tun shekarun 1960, ya nuna cewa gonakin wannan yanki kusan kowace shekara ake noma su ba hutu, abin da ke riƙe su shi ne takin gida da haɗa hatsi da wake ko gyaɗa da kiwon da ke cin harawa. Saboda haka tambayar da ta fi ta yawan dami ita ce: mangala nawa ko amalanke nawa na takin gida suka shiga gonar da rani? Ina harawar wake da karan dawa suka tafi? Mai kulan da zai kawo maka dami da yawa bana alhali ya sayar da harawa ya bar gona ba taki, ya fi cutar da kai a kan wanda ya kawo kaɗan amma ya bar ƙasa da ƙarfinta.

Baɗi in Allah ya kai mu, tun kafin ruwa ya sauka ku zauna gaban mai unguwa ko shaidu biyu, ku tsayar da abin da ke kan kowa da lokacinsa, har da naka. Sannan ka ɗaura wa kanka zuwa gona sau huɗu. Bayan tsiro, ka duba giɓi, ka ga ko an sake shuka inda bai fito ba. Bayan firi, ka ratsa har tsakiya da ƙarshen gona, don gefen hanya kullum a gyare yake. Ranar zuba taki, ka kasance a wurin ko ka tura wanda ka amince da shi, a ƙirga buhu cike a ƙirga shi fanko. Ranar girbi, a ƙirga dami a cikin gona kafin a ɗauka. Ranar da kasuwa ta hana ka, wayar hannu na ɗaukar bidiyo. Ka saya masa littafi ya riƙa rubuta sunayen 'yan ƙwadago da abin da aka biya kowa. Maganar ƙuduji kuma ku nemi malamin gona na KNARDA ya ba ku shawarar irin da ke jure masa.

Kada ka karɓe gona a kan an ce. Ka tuna a ƙissar Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, abu biyu aka duba kafin a ɗauke shi aiki, ƙarfi da amana. In bincikenka ya nuna rashin iyawa, ana koya wa mutum, a ba shi wata daminar. In ya nuna ya sayar da taki ko ya ɓoye dami, wannan ba gyaran hannu yake buƙata ba, ku rabu cikin mutunci gaban waɗanda suka san ku.

Mun gama aiki, ya zaftare mana kuɗi

Gwaggo, ni ban yi boko ba, ƙanena ne ya rubuta mini. Da damina ƙwadago nake yi a ƙasar Makoɗa, da rani in tafi aikin lambu a bakin madatsar Tomas. Wani mai gona ya ba mu jingar maimai, mu huɗu. Muka yi ciniki, muka gama cikin kwana biyu. Da muka je karɓar haƙƙinmu sai ya ce aikin bai yi ba, wai binne ciyawa muka yi, ya cire kashi ɗaya cikin uku. Ko sau ɗaya bai zo ba muna aikin. Don Allah wannan adalci ne?

Ɗan ƙwadago, Makoɗa

Ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Bari in fara da tambayar da ba za ka so ba: kun binne ko ba ku binne ba? Ba sai ka amsa mini ba, kai da abokanka kun sani.

Na tambaya ne domin kowane irin biya yana da cutarsa. In aikin yini ne, wasu sukan ja ƙafa, ido na kan rana, tunda ko kunya nawa aka yi kuɗin ɗaya ne. In jinga ce, sai a yi ta gudu don a gama a kama wata, fartanya ta riƙa tura ƙasa a kan ciyawa maimakon ta sare ta daga saiwa. Yadda aka tsara biya, haka hannun ma'aikaci ke bi. Wanda ya ba da jinga ya riga ya sami sauri, abin da ya rage masa shi ne ya zo ya tsare kyawun aiki. Mai gonarku bai zo ba, sannan ya zauna a gida ya zama mai ƙara, ya zama alƙali. A nan bai kyauta ba. Ko da aikin ya ɓaci, abin da ya dace shi ne ya nuna muku wurin ya ce ku gyara, ba ya yanke kuɗin da kuka daidaita shi kaɗai ba. Addininmu ya tsananta a kan biyan ma'aikaci haƙƙinsa da wuri kuma cikakke.

Tunda abin ya wuce, ku kai maganar ga mai unguwa ko Sarkin Noma, ba da hayaniya ba. Maƙwabtan gonar sun ga yadda ta kasance bayan kun tashi, domin ciyawar da aka binne ba ta ɓuya, ruwa ɗaya ko biyu za ta ɗago kai. In sun shaida aikinku ya yi, a cika muku. In sun shaida akasin haka, ku karɓi sulhu.

Nan gaba, kafin ku zarce, ku yi kunya biyu ko uku a gaban mai gona ku ce masa: haka kake so? In ya amince, su ne ma'aunin sauran. In kun gama kuma, kada ku saɓa fartanya ku tafi sai ya zo ya zaga. Ka kuma riƙe wannan: a garin da kowa ya san kowa, sunanka ne takardar shaidarka. Wanda aka san aikinsa tsaf ne, tun ruwa bai sauka ba ake kama shi, kuma shi ke faɗin kuɗinsa.

Ɗayarsu ƙanwar maigidana ce

Gwaggo, ina gaisuwa. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida, a wani gari kusa da Bichi. Daga Dawanau ake sayo mini gyaɗa. Mata uku ke taya ni, kuma kuɗi ɗaya nake ba kowacce a yini. Ta farko yarinya ce mai zafin nama, kafin sauran su gama tiya biyar ta gama takwas, yanzu tana neman ƙari. Ta biyu dattijuwa ce, aikinta a hankali. Ta uku ƙanwar maigidana ce, sai hantsi ya ɗaga take zuwa, ba kuma mai iya yi mata magana. Ina so in ƙara wa yarinyar, in sallami dattijuwar, amma ƙanwar maigida ban san yadda zan yi da ita ba.

Mai ƙuli-ƙuli, Bichi

'Yata, dakata da sallamar dattijuwar nan. Abin da kika ƙirga tiyar da ke shiga ce, ba ki ƙirga abin da ke fita ba. Ribarki kuwa tana cikin kwalba, ba cikin tiya ba.

Ga gwajin da za ki yi. Daga buhu ɗaya, rana ɗaya, ki auna wa kowacce tiya daidai da ta 'yar'uwarta, a kai inji ɗaya, kowacce ta yi nata daban tun daga suya har zuwa tuya. Ki ƙirga kwalaben man da kowacce ta fitar. Ki duba ƙulin: launinsa, ƙarfinsa, ko yana ƙauri. Ki lura da itacen da kowacce ta ƙona. Kada ki tsaya a gwaji ɗaya, ki maimaita a buhu daban-daban, domin gyaɗa ma wata ta fi wata mai. Ba mamaki ki tarar mai aiki a hankalin ita ke juya tunkuza har sai ta tatse ta, mai saurin kuma tana barin mai a cikin ƙuli.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. In sauri kaɗai kike saka wa, abu na farko da za a daina shi ne tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Wadda ta yi hunhuna kuwa tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Yaran unguwa ne ke cin ƙulin nan. Don haka ki sa tsinta cikin abin da kike dubawa, ki riƙa ɗiban hannu ɗaya daga tiren kowacce kafin a kai inji.

In kin gama gwajin, ki canja tsarin biya: kuɗi kaza a kan kowace tiya, da ɗan ƙari ga wadda manta ya haura abin da aka saba kuma ƙulinta bai dawo daga masu sari ba. Ki faɗa musu su uku a zama ɗaya, mako guda kafin a fara. Kin ga yarinyar ta sami ƙarinta ta hanyar da ba wanda zai ce kin yi son kai, dattijuwar ta sami ladan ƙwarewarta. Kina ma iya raba aikin, ki bar wa dattijuwar suya da tsinta, yarinyar ta ɗauki juyi da murza.

Ƙanwar maigida kuwa, wannan tsarin zai yi miki maganar da bakinki ya kasa. Wadda ta zo da hantsi tiyarta kaɗan ce, kuɗinta kaɗan ne, ba ki ce mata uffan ba. Amma ki sanar da maigidan tun kafin ki fara, don kada labari ya riske shi daga wani bakin a karkace. In kina son kyautata mata saboda zumunci, ki yi mata daban, da salla ko da suna, ta san kyauta ce. Kada ki cusa kyauta cikin ladan aiki, domin sauran biyun suna gani, kuma ranar da suka gane mai makara da mai sammako ɗaya suke, kowa zai koma makara.

Kowa “ya yi ƙoƙari” a takarda

Gwaggo, ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Minjibir. Nakan riga kowa zuwa, ina rubuta shirin darasi, ina duba littattafan yara. Akwai abokin aikina da ba ya zuwa ranar kasuwa, da damina kuma gonarsa ce ajinsa. Amma idan aka zo cike fom ɗin rahoton shekara, hedimasta yabo ɗaya yake rubuta mana duka, wai ba ya son ya toshe wa kowa hanyar cin abinci. Ƙarin girma ma tare muke samu. Gwiwata ta fara sanyi. Shin akwai amfanin in ci gaba da wahalar da kaina?

Malamin aji uku, Minjibir

Malam, Allah ya saka da alheri. Abin da ka faɗa ba a makarantarku kaɗai yake ba. Fom ɗin nan da ma'aikatan gwamnati ke kira APER ya daɗe da wannan hali: ana cike shi sau ɗaya a shekara, sau da yawa sai ƙarin girma ya matso, shugaba kuma ya yabi kowa don a zauna lafiya. Ita kanta gwamnatin tarayya, a zamanin da Folasade Yemi-Esan ke shugabantar ma'aikatanta, ta sanar da maye gurbinsa da tsarin da ake tsayar wa ma'aikaci abin da ake so ya cim ma tun farkon shekara, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Hedimastanku yana ganin tausayi yake yi. Ya tausaya wa mutum ɗaya, ya manta da yara aji guda da kuma malamin da ke ɗauke da nauyin biyu.

Sai dai ka sani, idan aka daɗe ba a auna aiki da gaskiya, ranar da za a auna da ƙarfi ake zuwa. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i a Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 ba su ci ba, daga baya aka sallame su, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki. Har yau ana muhawara a kan ko jarrabawar yini ɗaya ta isa ta bayyana malami. A Kano ma, tunda aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ido zai ƙara dawowa kan abin da ke faruwa a cikin aji.

Saboda haka ka fara auna kanka da ma'aunin da ya fi na fom. A makon farko na zango, ka kira yaranka ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta wa ya san baƙaƙe, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta jimla da Hausa, wa ke iya tarawa da ɗebewa. A ƙarshen zango ka sake. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce aikinka. Kada ka gwada kanka da makarantar cikin gari, ka gwada yaro da inda ka same shi. Ka kuma riƙa rubuta yawan masu zuwa kullum, domin a ƙauye ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi suna kwashe yara, kuma bai kamata a ɗora wa malami abin da iyaye suka yi ba.

Wannan littafin ka kai wa hedimasta a keɓe, ba da sunan ƙarar kowa ba. Ka ce masa: Malam, ga abin da na gwada a ajina, me zai hana mu yi a dukkan azuzuwa? In ya karɓa, bambancin zai fito da kansa ba tare da ka ambaci sunan abokin aikinka ba. Ka ba shi shawarar ya riƙa shiga aji yana zama ya ga darasi, ko sau biyu a zango, ya faɗa wa malami abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. In jami'an duba makarantu daga ofishin Sakataren Ilimi sun zo, ka nuna musu. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda iyaye da mai unguwa ke ciki, shi ma yana da hurumin tambayar dalilin da aji ke zama ba malami ranar kasuwa.

Ba zan yi maka alkawarin wannan zai kawo ƙarin girma bana ba, don tsarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma duk ranar da aka tashi neman wanda za a ba riƙon makaranta, ko aka zo tantance malamai, kai kana da abin nunawa a rubuce, shekara bayan shekara. Abokin aikinka kuma, in kuna ɗasawa, ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya tun wani bai gaya masa a gaban jama'a ba.

Nan za mu tsaya a wannan makon. Masu wasiƙu a kan rabon gado da rikicin iyakar gona, na gani, ku ne a mako mai zuwa in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.

Taku,
Gwaggo